Kunun Inna da Giyar Beljiyam: Amsa ga Ɗalibin da Zuciyarsa Ba Ta Kwanta Ba

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ɗan Maradi ne, daga unguwar Bagalam, ina karatun aikin gona a Gembloux ta ƙasar Beljiyam. Ba na shan giya, amma abokan karatuna ba su da hira sai tata. Wannan ya ce ta gidan kaza ta fi ɗaci mai daɗi, wancan ya ce ta sufayen Kirista ce gaba, wani ya ce ta manyan kamfanoni ruwa ce kawai. Gardamar nan tana da tushe ko iyayi ne? Me ya raba giyarsu da burkutun da ake dafawa a wasu ƙauyukanmu? Abin da ya fi damuna kuma, innata tana sayar da kunun zaƙi, da tsiro take yin shi, yana kuma kwana. Tun da na ga yadda ake dafa giya a nan zuciyata ba ta kwanta ba.

Amsa: Barka kadai ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Kunun da innarka ta dama da dare, ta tace da asuba, ta sayar kafin la'asar, ba giya ba ne. Amma idonka bai yi maka ƙarya ba. Hanyar da take bi da hanyar mai dafa giya ɗaya ce har zuwa wata mararraba, kuma wanda bai san wurin ba yana iya wuce shi bai ankara ba. Zan kai ka can. Sai dai ka yi haƙuri mu bi ta Beljiyam tukuna, don in ka gane abin da abokanka ke ja-in-ja a kai, kunun gidanku zai fito maka sarai.

Ni ma ban taɓa kai ta bakina ba. Abin da na sani a kanta na same shi ne daga shekarun da na yi ina aikin tsiron dawa da na hatsi, hatsin da ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa gero. Aiki ne na ma'auni da hanci, da karatu, da zama da mutanen da sana'arsu ke nan.

Gardamar tana da tushe. Giyar Turai abu huɗu ce: ruwa, tsiron sha'ir, wani fure da ake kira hublon, da yisti. A shekarar 1516 masarautar Bavariya a Jamus ta kafa doka cewa kada a sa komai cikin giya sai ruwa da sha'ir da hublon. Ba a ambaci yisti ba, don a lokacin ba wanda ya san halitta ce mai rai, sai da masana irin su Louis Pasteur suka nuna haka a ƙarni na 19. Kowane ɗaya cikin huɗun nan yana da nasa iri-iri, kuma hannun mai dafawa ne ke haɗa su. Nan bambancin yake.

Ɗauki tsiro. Ƙwayar hatsi ƙaramin rumbu ce, abin da ke ciki sitaci ne, guzurin da aka ajiye wa shukar da za ta fito. Sitaci ba shi da zaƙi, yisti kuma ba ya iya cin shi. In aka jiƙa ƙwayar sai ta ɗauka damina ta faɗi, ta fara fitar da sinadaran da ake kira amilas, waɗanda ke yayyanka sitaci ya koma sukari. Mai yin tsiro yana barin ta kwana huɗu ko biyar, da ta fitar da saiwa sai ya busar da ita, girman ya tsaya, sinadaran kuma su zauna a ciki suna jira. Ranar dafawa a niƙa, a zuba a ruwa mai zafin wajen digiri 65, a bar shi kamar awa guda, a tace. Ruwan da ya fito zaƙi ne zalla, ba ɗigon maye a cikinsa. In ka taɓa shan Maltina kusan shi ka sha: ruwan tsiro ne da aka gyara aka rufe a kwalba ba a bari yisti ya ci ba.

Launi kuwa daga gashi yake zuwa, kuma ɗan Maradi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ka san ɗanyar gyaɗa, ka san wadda aka soya a yashi ta yi gardi, ka san wadda ta kusa ƙonewa ta fara ɗaci. Haka tsiro yake. Wanda aka busar a wajen digiri 80 shi ke ba da giya mai ruwan zuma. Wanda aka gasa sama da digiri 200 shi ke ba da baƙa mai ƙamshin kofi, irin Guinness da aka kafa gidanta a Dablin a 1759. Mutane da yawa suna zaton baƙar ta fi farar sa maye. Ba haka ba ne, launi daban, ƙarfi daban.

Hublon shi ne tushen yawancin hayaniyar da kake ji. Tsiro ne mai yaɗo yana hawa igiya, furen macen ake tsinka. Ba ya yi a ƙasarmu, don yana son sanyin hunturu da doguwar rana ta bazarar Turai. Inda ya yi suna su ne Hallertau a Jamus, Žatec a ƙasar Cek, da kwarin Yakima a Amurka. In aka sa shi da wuri aka tafasa da shi, ɗaci yake bayarwa, yana kuma hana giya saurin lalacewa. In aka sa shi a ƙarshe, ƙamshi yake bari. Na Turai ƙamshinsa na ganye ne da ciyawa, na Amurka kuwa, irin wanda ake kira Cascade da aka fitar a farkon shekarun 1970, ƙamshin ɓawon lemu yake da shi. Har ma'aunin ɗaci suke da shi, IBU. Giyar manyan kamfanoni takan tsaya tsakanin 10 da 20, wadda suke kira IPA kuwa takan kai 40 zuwa 70. Sunan IPA daga Indiya ya samo asali: giyar da Ingilishi ke lodawa a jirgin ruwa, ta zagaya Afirka wata da watanni kafin ta isa, an cika mata hublon don ta jure tafiya.

Sai yisti, wanda ni a wurina ya fi sauran ban mamaki. Iri biyu ne manya. Ɗaya yana aiki a ɗumin ɗaki, digiri 15 zuwa 24, yana gamawa da wuri, yana barin ƙamshi kamar na ƴaƴan itace. Ɗan'uwan yistin burodi ne. Na biyun yana son sanyi, wajen digiri 10, yana aiki a hankali, bayan nan kuma a ajiye giyar makonni a wuri mai sanyi. Ita ce laga, sunan ma daga kalmar Jamusanci ta ajiya ya fito. A 1842 aka dafa lagar farko mai haske a garin Pilsen na ƙasar Cek ta yau, kuma kusan duk giyar kwalba da aka sani a Afirka jikarta ce, har da tamu mai tambarin raƙumin dawa da kamfanin Braniger ya fitar a Yamai. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin gwajin kamfanin giya na Carlsberg a Danmak, ya ware ƙwayar yisti guda ya raine ta ita kaɗai, daga nan masana'antu suka iya fitar da giya mai ɗanɗano ɗaya kullum. Ga wani abu da za ka iya tabbatarwa da hancinka ba tare da ka sha ba: giyar alkama ta Bavariya tana ƙamshin ayaba da kanumfari, alhali ba a sa ko ɗaya ba. Yistin ne ke ƙera ƙamshin.

Ruwa ba zan daɗe a kansa ba. Na Pilsen mai laushi ne, na Burton a Ingila cike yake da gishirin dutse mai fito da ɗaci. Duk macen da ta taɓa dafa wake da ruwan rijiya biyu daban ta san ruwa ba ɗaya ba ne.

To me ya sa suke zafi haka a kan ƙananan masu dafawa? Tarihi ne. A tsakiyar ƙarni na 20 manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har ya zama a Amurka, a ƙarshen shekarun 1970, gidajen dafa giya ba su kai 100 ba, kuma yawancinsu abu kusan iri ɗaya suke fitarwa. Mutane suka gaji. A Ingila wasu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiya ta ganga. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa, kuma daga cikin masu dafawar gida ne aka samu ƙananan gidajen giya irin su Sierra Nevada a 1980. A ƴan shekarun nan gidajen sun haura 9,000 a Amurka kaɗai. Wannan ita ce abin da Faransanci ke kira bière artisanale, ni kuwa nakan ce giyar hannu, kamar yadda muke cewa saƙar hannu ko ɗinkin hannu. Beljiyam inda kake labarinta daban ne, don su ba su taɓa sakin tsohuwar hanyarsu gaba ɗaya ba. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin jerin al'adun da aka gada na duniya.

In ka kasa kunne za ka ji abokanka sun kasu. Akwai ƴan ɗaci, waɗanda ba su ganin giya sai IPA. Akwai ƴan sufaye, masu bin ta gidajen ibadar Kirista irin Chimay, Orval, Westmalle, Rochefort da Westvleteren, inda ake dafawa a cikin gidan ibadar, ribar kuma ta tafi ga hidimar gidan da taimakon mabukata. Akwai ƴan tsami, masu son lambik ta yankin Burusel. Ita lambik ba a zuba mata yisti. A lokacin sanyi ake baza ruwan tsiron cikin faffaɗan mazubi a buɗe ya kwana, abin da ke cikin iska da katakon ɗakin ya faɗa ciki, sannan a ɗura a gangar itace shekara ɗaya zuwa uku. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kanta. Akwai kuma waɗanda suka zagaya duka suka dawo kan laga mai sauƙi, suna cewa ita ce ke tona asirin mai dafawa, don ba ta da ɗaci ko ƙauri da za ta ɓoye kuskure a ciki. A ganina waɗannan na ƙarshe sun fi sauran fahimtar sana'ar. Haka yake a wurinmu: tuwo da miyar kuka, ba nama ba mai, shi ke nuna wadda ta iya girki.

Abin da ya sa ba za su taɓa daidaitawa ba kuwa, harshe ba ɗaya ba ne. Ɗan Adam yana da masu jin ɗaci kusan iri 25 a bakinsa, kuma gado yana sa wani ya ji ɗacin da wani bai ji ba. An gano haka tun farkon shekarun 1930, lokacin da wani masani ya ga wata hoda tana yi wa abokin aikinsa ɗaci shi kuwa bai ji komai ba. Bayan gado akwai sabo. Ka tuna ranar da ka fara tauna goro ko ɗata kana yaro, ka kuma dubi yadda tsoho ke zaɓen goro a faifai, yana faɗin wannan ya fi wancan daɗi. Ɗacin bai canza ba, bakin ne ya koya. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ma hanci ne ke jin shi, shi ya sa mai mura komai lami yake ji.

Amma ba duka ne son rai ba. Akwai aibin da kowane gwani zai gane. Giyar da rana ta buga cikin kwalba fara ko kore tana warin bodari, don haske yana fasa sinadarin hublon, shi ya sa suka fi son kwalba mai ruwan ƙasa. Wadda aka sauke da gaggawa tana ƙamshin man shanu. Wadda iska ta shiga ta tsufa tana warin jiƙaƙƙen kwali. In sun yi gardama a kan waɗannan, ilimi suke yi. Iyayin yana shigowa ne ta ƙofar suna. Tun da wani dandalin masu ba da maki ya ce ta Westvleteren ce ta fi kowace a duniya a 2005, mutane suka yi ta layi a ƙofar sufayen, su kuwa suka ƙi ƙara yawan abin da suke dafawa. Ƙarancin ya ƙara mata daraja a bakin da bai ma ɗanɗana ba. Haka in babban kamfani ya sayi ƙaramin gida, kamar yadda Anheuser-Busch ya sayi Goose Island a 2011, sai ka ji masoyan sun juya baya tun kafin a taɓa tukunyar. Wani lokaci suna da gaskiya daga baya, wani lokaci kuwa fushi ne ya riga harshe. Mu ma muna yi: mai kilishi ya bar tire ya buɗe shago, sai a ce nasa ya daina daɗi.

Abu ɗaya nake so ka faɗa musu in hira ta kawo, da ladabi, don abokan zamanka ne. Kyan sana'a ba ya rage cutar abin da ke ciki. Lagar kamfani takan ɗauki alkol kashi 5 cikin 100, IPA 6 zuwa 7, wasu na sufaye kuwa suna haura 10. Hanta ba ta san sunan gidan da ya dafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane miliyan 2.6 ne barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019, kuma tun 1988 aka sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Na ga mutanen kirki da suka fara da neman ɗanɗano suka ƙare da neman kwalba, kuma abin yana yi mini ciwo har yau.

Yanzu mu dawo gida. Burkutu giyar dawa ce, galibi jar dawa, kuma mata ne ke dafa ta. Anna na kwarin Gulbin Maradi da Maguzawan ƙasar Katsina da Kano sun daɗe da ita a wurin gayya da biki, kafin Musulunci ya game ƙasar ta ja baya. Tana da ƴan'uwa ko'ina: dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, fito a arewacin Gana, bilbil a Kamaru da Cadi. Abin da ya raba ta da ta Turai shi ne babu hublon, don haka tsami ne ke riƙe ta ba ɗaci ba. Ba a tace ta tas, kauri gare ta. Ana kuma shan ta tana tsakiyar aiki, tana kumfa, shi ya sa ba ta ajiyuwa, ƴan kwanaki kaɗan ta koma ruwan tsami. In kana neman danginta a Turai, lambik ce. Abin da Turawa ke biya da tsada suna yabawa, cewa an bar halittun wurin su yi aikinsu, shi matan ƙauye ke yi da tukunyar ƙasa tun kaka da kakanni.

Akwai kuma wata dabara tasu da ta sa nake girmama matan nan a matsayin masu ilimi, ko da ban yarda da abin da suke dafawa ba. Dawa ta fi sha'ir taurin kai. Sitacinta ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, kuma a wannan zafin sinadaran amilas mutuwa suke fara yi. In ka dafa sosai ka kashe mai yanka, in ba ka dafa ba babu abin yankawa. Sai suka gano mafita: a jiƙa garin tsiro ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, don sinadaran suna cikinsa, a tafasa gurbin ƙasa ya dahu, sannan a mayar da ruwan a kai. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya da na lemun tsiro suka koma kan dawa dole, suka ci karo da wannan matsalar, injiniyoyinsu kuma suka ƙare a kan hanyoyin da suka yi kama da ta matan.

Ka rufe ido ka tuno innarka da dare. Ta jiƙa hatsi ko dawa, ta kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro. Tana raba ƙullun biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri kirtif. Ƙaramin, wanda ke da tsiro, wataƙila da busasshen dankali, ta bar shi ɗanye. Ba ta haɗa su nan take, sai na farkon ya huce yadda hannu zai iya jurewa. Tana haɗawa, kafin a jima kunun da ya yi kauri ya saki ya tsinke, zaƙi ya fito. Dabarar nan ce dai, ba ƙari ba ragi. Dankalin ma ba don ado ba ne, yana ɗauke da irin amilas ɗin da tsiron dawa ke da ƙarancinsa. Ba wanda ya koya mata sunan sinadarin, amma ta san in ta yi gaggawar haɗawa da zafi kunun ba zai yi zaƙi ba.

Ga mararrabar. A daren farko, waɗanda ke rigan kowa cin sukarin su ne ƙwayoyin bakteriya masu sa tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono. Abin da suka fi fitarwa tsami ne, shi ne ɗan tsamin nan mai daɗi da ake nema a kunu, yana kuma taimakawa wajen danne ƙwayoyin cuta. Yisti yana nan shi ma, a jikin hatsi da ƙwarya da iska, amma kaɗan ne, bai samu lokacin yaɗuwa ba. Abin da zai iya yi cikin dare guda bai wuce ɗan burbushin da ake samu a nunanniyar ayaba ko kwaɓin fanke ba, kuma ko tulu mutum ya shanye ba zai bugu ba. Mai burkutu kuwa daga nan take ratsewa da gangan: ta sake tafasawa zaƙin ya taru, ta huce shi, ta zuba gurbin tsohuwar giya mai cike da yisti, ta jira kumfa. Niyya daban, aiki daban.

Inda hatsarin yake ga mai kunu shi ne kwantai. A Afrilu da Mayu zafin Maradi yana haura digiri 40. A ɗauki kunun da aka ƙara wa sukari, a ɗura a robar da ba a wanke sosai ba, a rufe, wuta ta ɗauke firigo ya huce, ya kwana biyu ko uku. An ba yisti duk abin da yake so. Alamomin ba su ɓuya: roba ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsit da iska, kumfa na tasowa daga ƙasa, zaƙin ya ragu, wani wari mai yaji yana hawa hanci. Wannan kunun ya bar hanyarsa, a zubar.

Fatawa ta malamai ce, ka kai musu. Amma abin da muka karanta tun muna yara ya yi daidai da abin da ma'auni ke nunawa. Ya inganta cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Da Abu Musa al-Ash'ari ya tambaye shi game da abin shan mutanen Yaman, ciki har da mizru da ake yi da dawa da sha'ir a bar shi ya yi ƙarfi, amsar ita ce duk mai sa maye haramun ne. Ba a hana jiƙo ba, ba a hana hatsi ba, ƙarfin da jiƙon ke yi in ya daɗe aka hana. Ka kuma lura ƙasar Hijaz ma zafi gare ta, amma jiƙon zabibi ba kunu mai sukari a rufaffiyar roba ba ne, don haka ni ba na ba mai kunu kwana uku. Na yau a sha yau.

Abin da zan roƙi innarka kaɗan ne, kuma na san yawancinsa tana yi. Ta dama daidai abin da zai ƙare. Kada ta juye kwantan jiya cikin sabo, don wannan shi ne ainihin abin da mai burkutu ke yi da gurbinta. Sukari a sa shi dab da sayarwa. Robobi da rariya da ƙwarya a wanke da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Sai batun tsiron kansa, wanda ya fi maganar maye damuna. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya. Gubar da ke cikinsa tana nan a saiwa da hancin tsiron dawa, don haka bayan an shanya a murje su a sheƙe kafin a niƙa. Tsiron da ya yi funfuna kuwa, ko kaɗan ne, kada a ji tausayinsa, gubar funfuna ba ta mutuwa da tafasa.

Kai kuma a can ka kula da kwalba. Rubutun da ke cewa babu alkol ba kullum yake nufin sifiri ba. A ƙasashe da yawa an yarda a rubuta haka in bai wuce kashi 0.5 ba, a Faransa ma har 1.2. Ka nemi wadda aka rubuta 0.0. Ka kuma riƙa tambaya a gidan abinci, don mutanen Beljiyam suna dafa nama da giya, miyarsu ta karbonad da ita ake yi, kuma dafuwa ba ta korar alkol duka.

Akwai abin da nake so ka ɗauko daga abokan nan naka, ba abin da ke cikin kofinsu ba. Suna sanin sunan irin sha'ir, da gonar hublon, da garin da ruwan ya fito, suna rubutawa, suna girmama mai dafawa da sunansa. Mu muna da abin da ya kai wannan. Muna da kaura da farfara da janjari, muna da Mota Maradi da ke ɗauke da sunan garinmu. A hatsi muna da zango, da HKP, da Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka fitar a Nijar a 2018. Muna da tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a cikin gari. Muna da kalmomin ɗanɗano da ba mu aro wurin kowa ba: gardi, bauri, maƙaƙi, lami, tsararo, ƙauri. Je ka tsaya inda ake sayar da hura da azahar ka ji yadda ake gardamar ta wace ce ta fi laushi, wace ce ta cika yaji, nonon wane ruga ya fi. Gardamar abokanka ce sak, a kan abin da yake halal kuma yake ƙosar da ciki. Har accar yankinmu wani gidan giya na Brooklyn a Amurka ya ɗauka yana tallata sunanta, mu kuwa kunun da ya raini garin nan muna ɗura shi a tsohuwar robar da ba ta da ko suna. Wannan yana ƙona mini rai.

In za ka zo hutu, ka sayo ma'aunin zafi na girki da takardar gwajin tsami, ba su da tsada a can. Ka zauna kusa da innarka dare uku a jere. Ka auna zafin kunun a lokacin da hannunta ya ce a haɗa, ka auna tsamin da dare, da asuba, da azahar, ka rubuta. Ka tambaye ta wace dawa take zaɓa a kasuwa, me ya sa take ƙin wata, yaya take canza hannu tsakanin ɗari da bazara. Ka aiko mini da abin da ka samu mu duba tare. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata in na biyo ta Bagalam zan tsaya in sha na dala ashirin.